Kafin Ku Kai Yara Dajin Lekki: Maganar Birai da Ledar Hannu

[Hoto: gadar katako cikin inuwa, biri zaune a kan makarin gefe]

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan gwanin da kyau. Mutum biyar suka wuce ta gabansa bai motsa ba. Yanzu ga wata baiwar Allah tafe da 'ya'yanta, ku lura da inda idonsa ya sauka. Hannunta na dama yake kallo, inda farar leda take lilo.

Tun bayan Sallah 'yan uwa daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 suke turo mini gajerun bidiyoyi irin wannan: biri ya fizge leda, yara na ihu, uwa ta saki takalmi ɗaya ta ruga. Kuma mutane sun rabu biyu a kai. Wasu suka ce su da Lekki har abada, ba za su kai 'ya'yansu inda namun daji ke kai hari ba. Wasu kuma suka ce abu ne mai sauƙi, ka sayi ayaba ka riƙe, duk birin da ya tare ka ka ba shi nasa ya ƙyale ka. Na farko sun hana yaransu wuri mai kyau ba gaira ba dalili. Na biyun kuwa, da kyakkyawar niyyarsu, su ne suke haifar da abin da ake gani a bidiyon. A kan su zan daɗe yau.

Amma bari mu fara isa wurin.

[Hoto: titin Lekki zuwa Epe da sassafe, sannan ƙofar shiga]

Sunan wurin Lekki Conservation Centre, yana Legas, a kan babban titin Lekki zuwa Epe, kusa da mahaɗar Chevron. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, wadda marigayi Cif S. L. Edu ya assasa a 1980, ita ta buɗe shi a 1990. Faɗinsa hekta 78 ne, wato ya haura filin ƙwallo 100. A lokacin nan gefen duk daji ne da fadama. Yau ku duba ta sama: gidaje da manyan benaye sun kewaye shi ta ko'ina, shi kaɗai ya rage kore shar a tsakiya.

Idan daga Agege ko Ikeja za ku taso, ku fito bayan sallar asuba kaɗan. Wanda ya san cunkoson hanyar Ajah ba sai na yi masa bayani ba. Ana biyan kuɗin shiga, gadar sama kuma, wato gadar igiya da ake bi da ƙafa ta saman itatuwa, kuɗinta daban. Ku taho da takalmi mai rufi, ruwan sha, dardumar salla, da maganin shafawa na sauro. Da rani ya fi daɗi, daga Nuwamba zuwa Maris, domin da damina katakon nan yana santsi. Shi ke nan, mun shiga.

[Hoto: ƙafafu a kan katako, ruwan fadama a ƙasa, rassa na motsi]

To, a nan ne ake yin kuskuren, kuma tun daga tunani yake farawa. Yawancinmu inda muka san biri wuri biyu ne. Ko dai a gidan zu, kamar na Audu Bako a Kano, yana cikin keji kana waje, ko kuma a hannun gardawa ranar kasuwa, da igiya a ƙugunsa, an sa masa 'yar riga yana tsalle ana jefa masa gyaɗa. Duka biyun akwai wani abu tsakaninka da shi, ko ƙarfe ko mai shi. Nan babu keji, babu igiya, kuma babu wanda zai daka masa tsawa ya zauna. Dajin nasu ne, a nan aka haife su, mu ne muka shigo da tikiti.

Irin wannan biri ana kiransa mona. Ku dubi jikinsa: baya ja-ja mai duhu, ƙirji fari, fuska mai ɗan shuɗi, ga ɗigon fari a kowane gefe na gindin wutsiya. Bai kai gwaggon birin Yankari girma ba ko kusa, wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki ya san waɗancan har ɗaki suke shiga. Wannan ƙarami ne, amma ya fi ku sauri nesa ba kusa ba. Allah Ya yi masa wasu aljihuna a cikin kumatu, yana cusa abinci a ciki ya haye sama ya ci a natse. Shi ya sa in ya fizga ba ya tsayawa. Kuma a garke suke yawo, in kun ga ɗaya a kan katako, akwai wasu a rassan da ke saman kanku.

Abincinsa na asali 'ya'yan itatuwa ne da ganye masu taushi da ƙwari, kuma dajin nan yana da su. Ba yunwa ce ta fito da shi bakin hanya ba, sabo ne. Wani ya taɓa miƙa masa biskit. Gobe wani ya ba shi cincin. Jibi wata ta buɗe leda ta ba shi fanke don a ɗauke ta hoto. Biri yana da kai, nan da nan ya haɗa lissafi: ƙarar leda na nufin abinci, mutum kuma shi ne mai kawo leda. Ranar da aka zo da leda aka hana shi, sai ya karɓa da kansa. Ayabar da ka ba shi yau don ya ƙyale ka, ita ce ta koya masa tare wanda zai biyo bayanka. Kuma in zai zaɓa, ba zai nufi Alhaji mai faɗin ƙirji ba. Yarinya 'yar shekara huɗu mai riƙe da alewa zai nufa, domin hannunta daidai tsayinsa yake kuma ba za ta iya hana shi ba. Wannan shi ne abin da yake damuna a cikin maganar nan.

[Hoto: hannu yana zuge jakar goyo, a nuna a hankali]

Saboda haka ga matakin, ku kalle shi sau biyu in ya kama. Tun kuna wajen ƙofa, kafin ƙafarku ta taka katakon farko, duk wani abin ci ya shiga jaka mai zif, a zuge, a goya ta a baya. Dambun nama, kilishi, soyayyar kazar Hajiya, lemon kwalba, duka. Leda ko babu abinci a cikinta kada a riƙe ta a hannu, shi bai san takalmin yaro ne a ciki ba, sai ya fizga ya duba. Iyaye mata, ku laluba aljihun yaranku, domin a nan ake ɓoye alewa, kuma a tsakiyar daji ne yaro zai tuna da ita ya fara ɓarewa. Ku ciyar da su su ƙoshi kafin a shiga. Yaron da cikinsa ya cika ba zai tsaya a gaban birai yana kukan a ba shi biskit ba.

Idan kuma duk da haka ya tare hanya fa? Ku tsaya. Ku jawo ƙananan yara kusa, na goye ya zauna a baya. Kada ku zura masa ido cikin ido, a wajen birai wannan neman faɗa ne. Kada ku washe masa haƙora, mu a wajenmu murmushi ne, shi ba haka yake fahimta ba. Ku nuna masa tafin hannu a buɗe, babu komai, ku ci gaba da tafiya a hankali. In ya tabbatar ba abin samu, zai koma harkarsa. Ku duba nan, daƙiƙa nawa aka yi? Ya juya ya tafi.

In kuwa ya riga ya kama ledar, ku sake masa. Na san da zafi, musamman in kilishin daga gida aka aiko shi. Amma cizo da yaƙushi a wajen ja-in-ja suke faruwa. Kada a bi shi da gudu a kan katakon nan, faɗinsa kaɗan ne, ƙasa kuma ruwa ne da laka. Kada a jefe shi, kada samari su ɗauko sanda don nuna jarumta. In waya ce ko makullin mota, a kira ma'aikacin wurin.

Idan tsautsayi ya sa ya ciji wani ko ya yaƙushe shi har fata ta buɗe, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kan cizon dabba, sannan a wuce asibiti a ranar, a faɗa wa likita biri ne. Shi zai duba batun allurar haukan kare da ta tetanus. Kada a ce ai ɗan ƙarami ne a shafa man zafi a bari.

[Hoto: biri a can saman reshe yana cin ɗan itace]

Akwai kuma ɓangaren shi kansa birin, wanda ba a cika faɗa ba. Sukari da gishiri da man da ke cikin kayan maƙulashenmu ba don cikinsa aka yi su ba. Ledar da ya yaga ya yar tana faɗawa fadamar nan ta zauna shekara da shekaru. Murar da ke jikinmu ma tana iya kama shi in ana cuɗanya. Sannan yana da aiki a dajin nan: in ya ci ɗan itace ya yi gaba, a wani wuri zai zubar da ƙwallon, a nan sabon itace zai tsiro. Birin da ya koma zaman jiran biskit a bakin hanya ya bar wannan aikin. Za ku ga wasu baƙi suna ba su abinci a tafin hannu ana ɗaukar hoto, har ya hau kafaɗa. Hoton yana da kyau, ban musa ba. Ni dai ba zan yi ba, kuma ba zan bar ɗana ya yi ba. Addininmu ya hore mu da tausayin dabba, kuma tausayin wannan dabbar shi ne a bar ta ta ci abin da aka halitta mata.

Sauran wurin kuwa, bari hotuna su yi magana.

[Hoto: gadar sama daga ƙasa, sannan daga kanta]

Gadar sama ke nan, tsawonta mita 401, inda ta fi tsayi mita 22.5, kusan bene mai hawa bakwai. Tana lilo, haka aka ƙera ta, ga raga a gefe da gefe. Akwai ƙa'idar shekaru, ba a barin ƙananan yara su hau, don haka ku shirya tun daga gida wa zai zauna da su a ƙasa, kada a zo ana rigima a gindin tsani. 'Yan uwa mata, a ɗaure mayafi da kyau, iska tana da ƙarfi a sama, hannu biyu kuma na riƙe igiya ne. Mai hawan jini ko jiri ya haƙura, ba abin kunya ba ne. Daga can ƙololuwa ku dubi kan itatuwa, sannan ku ɗaga ido ku ga benayen Lekki a bayansu.

[Hoto: fili mai ciyawa, rumfuna, tafkin kifi]

Nan ne filin iyali. Ga rumfuna, ga tafkunan kifi, ga manyan allunan dara da ludo a ƙasa waɗanda yara ke shiga ciki da ƙafarsu. Ga ɗawisu can. Akwai kunkuru ma, tsoho tukuf, a kalle shi kawai, kada yara su hau bayansa. A nan ne za a shimfiɗa tabarma a buɗe kula. Ko a nan ɗin a zuba ido, wanda aka ɗiba a ci, sauran a rufe, domin gwanayen namu suna leƙowa. In an gama a tattara kowace leda da kowace roba a mayar cikin jaka, a zuge zif kamar yadda aka shigo, saboda ta cikin dajin za ku sake bi ku fita.

Ku yi azahar a nan, ku kama hanya kafin la'asar, tun titin bai cushe ba.

[Hoto: yarinya riƙe da hannun mahaifinta, ɗaya hannun babu komai, biri ya kalle su ya haye sama]