Wai lumen 90,000! Mu farke tocilar nan mu sauya mata ƙwai

Assalamu alaikum jama'a, daga Nima nake muku magana, cikin Akkara. Don Allah ku dubi abin da aka rubuta a kwalin nan: lumen 90,000 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). A tocilar da ba ta fi tafin hannu ba! Ka kunna ta, sai wani shuɗin haske mai kashe ido, wanda in an ɗauke wuta ka haska shadda da shi ba za ka bambance fara da ruwan toka ba. Rainin hankalin ya yi yawa. Tocila mai batir 18650 (na litiyam da ake caji) guda ɗaya da ƙaramin ƙwan LED, in ta ba ka kusan lumen 1,000 ta yi bajinta. Sidi 60 ɗin da aka karɓa kuɗin gangar jikin ne kawai, kuma gangar ba laifi, alminiyam ce, shi ya sa za mu gyara ta.

Kafin ka sayi komai, kwance kan, ka fitar da gilashi da kwanon da ke tattara haske, ka duba mazaunin ƙwan. In ka ga rami ne a ƙarƙashin farantin da ƙwan ke liƙe a kai, bakinsa kawai ya ɗora a kai, ko kuma mazaunin roba ne, to ajiye ta, kada ka ɓata kuɗinka. Zafi ba shi da hanyar fita. Wannan dai mazauninta cikakken ƙarfe ne. Auna farantin: yawanci milimita 16 ne, wasu 20. Sai ka cire murfin baya, ka sa mitar auna wuta (multimeter) a kan amfiya 10, tsinke ɗaya a gindin batir, ɗaya a bakin gangar inda babu fenti. Abin da ta nuna shi ne wutar da tocilar ke ja.

Nan ne mutane ke yin asara. Sauya ƙwai kaɗai ba ya ninka haske, direba ce ke raba wuta, wato ɗan zagayayyen allon da ke bayan mazaunin. Ni mai milimita 17 nake so, mai ƙananan cif na AMC7135. Kowane ɗaya yana sakin miliamfiya 350, takwas sun ba ka amfiya 2.8. A ƙaramar ganga irin wannan huɗu ko shida sun isa, don takwas ɗin wajen wat 9 ke nan, cikin 'yan mintuna za ta gagari riƙo.

Ƙwan kuwa, Luminus SST-20 ko Samsung LH351D ko Nichia 519A, duk girmansu milimita 3.5 ne kuma bolt 3 suke ci. Nemi 4000K (lambar launin haske, wannan fari ne mai ɗan rawaya) mai CRI 90 zuwa sama (ma'aunin yadda haske ke nuna kalar abu ta gaskiya), wanda aka riga aka liƙa a farantin jan ƙarfe. A ma'auni bai kai shuɗin 6500K yawan lumen ba, amma ka haska tsiren mai cicinga da shi za ka ga jan nama ja, ƙuli-ƙuli da kalarsa. Kuma ina gargaɗinku, kada girman ƙwan XHP50 ya ruɗe ku, akasarinsu bolt 6 ne ko 12, batir ɗaya da irin direbar nan ba zai tashe su ba.

Dalma, man soda, waya da mita duk akwai a Zongo Lane. Wurin yana tuna min layin 'yan kayan wuta na kasuwar Sabon Gari a Kano, sai dai can gida za a ba ka benci a kawo maka ruwa kafin a fara ciniki, nan kuwa a tsaye za ka gama. Ƙwan asali dai odarsa ake yi, don kwaikwayo sun cika gari.

To aiki. Cire batir tukuna. Narka dalmar wayoyi biyun, ka ɗaga tsohon faranti da hantsaki, ka goge busasshen man da ke ƙasa da sifirit. Shafa man sanyaya irin na firosesar kwamfuta, ɗan kaɗan kamar ƙwayar gero. In ka labta shi, tare zafin zai yi maimakon ya wuce da shi. Jan ƙarfe yana shanye zafin ƙarfen soda, saboda haka ka fara sa wa wuraren haɗin dalma tun farantin yana waje, da ƙarfe mai faɗin baki a kan digiri 350. Dalmar da aka rubuta wa 63/37 ta fi sauƙi, a 183 take narkewa. Waya mai kaurin lamba 24 ko 22 mai rigar silikon, ja a alamar tarawa, baƙa a alamar ɗebewa. Kada yatsa ko man soda ya taɓa ƙoƙon ƙwan, wurin zai ƙone ya yi baƙi.

Haɗin ya kwanta, kada ya yi tudu. Kwanon hasken ƙarfe ne, in ya taɓa baƙar waya wuta za ta tsallake direba ta tafi ƙwan kai tsaye, in kuma ja ya taɓa, batir ka haɗe baki da gindi, sifirin zai yi ja ya lanƙwashe. Rufe haɗin da tef ɗin Kapton mai jure zafi, ka mayar da farar zoben roba da ke tsayar da ƙwan a tsakiya. Babu ita, za ka ga baƙin rami a tsakiyar hasken. Gwada da mita ka tabbata babu wayar da ta haɗu da ganga kafin batir ya shiga.

Batir ma wani takaicin ne. Duk 18650 da aka rubuta wa 9,900mAh (yawan cajin da yake ɗauka) ƙarya ce tsagwaronta, na kirki wajen 3,500 suke tsayawa. Masu tocilar AA kuma, batir 14500 na litiyam girmansu ɗaya da AA amma bolt 4.2 yake kaiwa in ya cika, ba 1.5 ba, zai kashe direbar da ba a yi ta dominsa ba.

Kunna ta a mataki mafi ƙarfi ka riƙe kan minti biyu. In ganga ta ɗumama da wuri, madalla, zafi na fita. In tana nan da sanyi kuma hasken ya fara komawa shuɗi, kashe maza, farantin bai zauna ba, sai an sake buɗewa.