Sharhi: Waya Ba Ta Taɓa Goshin Yaro

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Daren jiya bayan sallar isha'i na tsaya a wani kemis a Mabera zan sayi maganin tari. Sai ga wani saurayi a kan babur, ko kashe shi bai yi ba, ya miƙa wa mai kemis wayarsa ta saman kanta. Ya ce, "Malam, wanga nika so, ka ba ni na kwana ukku." Hoton kwalin magani ne a fuskar wayar, an zagaye shi da jan layi. Mai kemis ya ce wa zai sha? Ya ce ƙanwarsa ce, shekararta huɗu, kwana biyu ke nan tana masassara. An gwada jininta? A'a. To wa ya rubuta wannan? Ya ce wani ne ya turo a guruf ɗin 'yan ajinsu, shi kuma ya duba a Google ya ga an ce yana kashe ƙwayoyin cuta iri-iri.

Kafson manya ne, kuma ko kusa ba na zazzaɓin cizon sauro ba ne. Mai kemis, Allah ya saka masa da alheri, ya ce ba zai sayar ba, a kai yarinya a ɗiga jininta, cikin minti 20 an ga sakamako. Saurayi ya ja tsaki ya haye babur. Tsakanin wannan kemis da na gabansa bai kai taku hamsin ba.

Ba zan ɗora wa yaron nan laifin duka ba. Duk wanda ya taɓa sammako ya kama layin kati a asibiti ya san abin da ake gudu. Ga kuɗin mota, ga na gwaji, ga yini guda da za a rasa a wurin nema. Wanda ke Gudu ko Tangaza kuwa tafiyar kaɗai ta ishe shi, balle mutanen Isa da Sabon Birni da sai sun yi shahada kafin su hau hanya. Sannan akwai kunya. Akwai larurar da mace za ta shekara da ita ba ta iya buɗe baki ta gaya wa likita namiji ba, amma cikin dare, ita kaɗai a ɗaki, za ta tambayi waya. Data ta naira ɗari biyu ta fi duk wannan sauƙi. Saboda haka masu cewa a daina duba waya kan sha'anin lafiya, su ma sun san ba za a daina ba.

Abin dubawa shi ne, idan Basakkwace ya tambayi waya, wa ke amsa masa?

Mai ilimin boko yakan rubuta alamomin ciwonsa da Turanci. Shafukan da za su fara fito masa yawancinsu an rubuta su ne domin mutanen Amurka da Ingila, inda zazzaɓin cizon sauro bai zama ruwan dare ba, inda ba a san zafin watan Afrilu irin namu ba. Ka rubuta ciwon kai da kasala, a jera maka cututtuka goma, har da ƙari a ƙwaƙwalwa. Mutum ya kwana yana juyi, ya fara tunanin wasiyya, alhali ƙila ruwa ne ya yi masa ƙaranci a jiki. Wani kuma akasin haka: ya zaɓi mafi sauƙi a cikin jerin, ya ce gajiya ce, ya sha farasitamol ya kwanta.

Wanda ya nema da Hausa kuma, nan ake yin ta. Harshenmu yana da sunayen cuta da na'ura ba ta gane inda suka dosa. Tun a ƙarshen 2013 Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara, amma ka ce mata jariri yana da shawara, tana iya ɗauka nasiha kake nufi. Ka ce daji, ta kai ka jeji. Ka ce sanyi, ta ba ka labarin hunturu, alhali abin da mata ke kira sanyi ya haɗa larurori da dama da maganinsu ba ɗaya ba ne. Haka basir: a bakinmu, daga kumburin ciki zuwa zubar jini duk basir ne, kuma a cikin masu zubar jinin akwai wanda ciwon dajin hanji ke ci yana ta shan jiƙo.

Misalin da ya fi taɓa ni yana nan cikin garinmu. Akwai ciwon da ke kama ƙananan yara, galibi 'yan shekara biyu zuwa shida waɗanda ba su samun abinci mai gina jiki. Daga dasashi yake farawa, baki ya yi wari, kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ya huda fuska. Likitoci suna ce masa noma. To don Allah, Bahaushe ya rubuta noma a waya, me zai gani? Gero da taki da farashin albasa. A ƙauye kuwa wasu na ce masa ciwon iska, wasu ciwon daji, kuma wanda ya nemi maganin iska a intanet ya san irin waɗanda za su amsa masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi magani ba, yaro tara cikin goma na iya rasuwa, alhali idan an kama shi tun yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai kyau suna tsayar da shi. Asibitin wannan ciwo yana nan Sakkwato tun 1999, likitocin sa kai na MSF suna aiki a cikinsa tun 2014, magani kyauta ne. A watan Disamban 2023 aka sa ciwon cikin jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Duk wannan bayani yana intanet. Uwar da ɗanta ke warin baki a Wurno ba da harshenta aka ajiye shi ba.

Mafi yawan jama'armu ma ba su nema, bayanin ne ke zuwa ya same su. Saƙon murya a WhatsApp, bidiyo a TikTok ko Facebook. A nan kuwa Hausa ce tsantsa, mai daɗi, da ayoyi da rantsuwa. Sai dai ka lura, mai maganar kusan kullum yana da abin sayarwa. Zai yi minti biyar yana lissafa maka alamomi: kana jin kasala, bayanka na riƙewa, cikinka na ƙugi, idonka na yin duhu idan ka miƙe. Wane ne a cikinmu ba ya jin ɗaya daga ciki? Daga ƙarshe ga lambar waya, ana aikawa ko'ina ta tasha. Kwalba ɗaya, ta warkar da suga da hawan jini da ulsa da rashin haihuwa. Manhajojin nan kuma an gina su ne su riƙe idonka: ka tsaya a kan bidiyon maganin basir sau ɗaya, gobe za a jero maka goma, har ka ɗauka duk duniya ta yi ittifaƙi a kansa.

Wani zai ɗaga kwalbar ya ce ga lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Ku duba da kyau. Magungunan gargajiya da yawa lambarsu tana ƙarewa da harafin L, ma'ana an gwada ba a ga guba a ciki ba, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. A jikin kwalbar ma akan rubuta, da ƙananan haruffan Turanci, cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. Ba ina kushe maganin gargajiya ba ne, duk da shi aka rene mu. Amma mai maganin unguwa da muka sani, idan abu ya ɓaci an san ƙofar gidansa. Na cikin waya kuwa layi kawai zai canza.

Mun ɗanɗana wannan a ƙasa baki ɗaya. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Iyaye suka tashi 'ya'yansu da asuba. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu da dama aka kwantar a asibiti, ba Ebola ta taɓa su ba, gishirin ne. Kuma waɗanda suka tura saƙon ba mugaye ba ne, ƙauna ce ta sa. Har yau haka muke: "ka tura wa 'yan uwa, sadaka ce." Jita-jitar allurar shan inna ta 2003 da baki ta yi yawo, amma sai da aka shafe shekaru, Mai Alfarma Sarkin Musulmi da sauran sarakuna suna bi gari-gari, kafin a kai ga watan Agustan 2020 da aka ce Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Yanzu irin wannan magana, kafin a yi sallar azahar ta isa Illela.

Ga kuma sabon baƙo, manhajojin da ake hira da su kamar mutum, irin su ChatGPT. Ɗalibanmu sun rungume su. Suna da amfani wajen fayyace takardar gwaji ko sunan magani, amma da murya ɗaya suke faɗin daidai da kuskure, ba ka jin ɗar a bakinsu. Kuma abin da ka gaya musu kaɗai suka sani. Ba su ga idon yarinyar nan ta Mabera ba, ba su taɓa goshinta ba, ba su san nauyinta ba, alhali maganin yara da nauyi ake auna shi.

A ganina amfanin waya yana wuri biyu: kafin asibiti ta gaya maka ko abin na gaggawa ne, bayan asibiti ta taimaka maka ka gane abin da likita ya faɗa cikin sauri. Zaɓen magani da yawansa ba aikinta ba ne. Idan ka sayi maganin maleriya mai ɗauke da wurin kankarewa a kwali, ka kankare ka tura lambar, a gaya maka ko na gaske ne. Wannan ma waya ce.

Likitocinmu kuma ina da ƙorafi a kansu. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana yaye likitoci da ma'aikatan jinya duk shekara, da yawansu Hausa suka sha a nono. 'Yan kaɗan ne ke fitowa su yi bayani da ita. Na san aiki ya yi musu yawa, abokan aikinsu da dama sun tafi Saudiyya da Ingila. Amma saƙon murya na minti biyu daga bakin likitar yara, da sunanta da asibitinta, zai shiga zauren matan unguwa kamar yadda na mai kwalba ke shiga. Fili ne aka bari, wasu suka shuka abin da suka ga dama.

Sai kuma mu kula da bazara, lokacin sanƙarau. A ɓarkewar 2017 an ƙidaya sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu a ƙasar nan, sama da 1,100 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi shafa, tare da Zamfara da Katsina. Wannan ciwo awoyi yake ƙirgawa. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, amai, ido ba ya son haske, ko jariri maɗigarsa ta kumbura ya ƙi kama nono: idan an ga haka, ko ƙarfe biyun dare ne, a nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa. In kuma an ga mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya da irin waɗannan alamomi, a sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, ko a kira NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, a lamba 6232, kiran kyauta ne.