Yaron da ba ya ji ba daƙiƙi ba ne

(An rubuto wannan daga rikodin laccar da wani tsohon malamin kurame ya yi wa ɗalibai masu koyon aikin malanta a Maradi.)

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? Wanda bai ji ba ya ɗaga hannu. [dariya] To kun ga, wanda bai ji ba ai bai ji an ce ya ɗaga hannun ba. Haka muke yi wa yara kullum a aji. Ku matso gaba, akwai wuri.

An ce in yi magana kan aikin malamin yara masu buƙata ta musamman. Abubuwa biyar na rubuto: gano yaron, koyar da shi, aiki da malamin aji, aiki da iyaye, sai ajiye bayanai.

Na farko, ganowa. Yaro ya shiga CI, ajin farko na firamare, ya maimaita, ya shiga CP, aji na biyu, ya sake maimaitawa. Mushe, wato malamin aji, ya ce daƙiƙi ne, uba ya ce taurin kai ne, bulala ta hau. Babu wanda ya taɓa tsayawa bayansa ya kira sunansa a hankali ya ga ko zai waiwayo. Wannan aikinku ne. Ku dubi kunnen da ke zubar da ruwa. Ku dubi yaron da ke kai kaye har bakin hancinsa, da wanda ke ƙanƙance ido in ya kalli tabulo, da zabiyar da aka zaunar a baya alhali idonta ba ya gani daga nesa. Kai ba likita ba ne, kada ka laƙaba wa yaro sunan cuta. Ka lura, ka rubuta, ka tura iyaye gidan likita.

Me ya sa kurame suka yi yawa a wajenmu? Sanƙarau na cikin manyan dalilai. Muna tsakiyar yankin da ya taso daga Senegal har Habasha, inda ciwon ke tashi lokacin ƙura da zafi. An yi babbar annoba a Nijar a 1995. A 2010 aka kawo rigakafin MenAfriVac, ya karya lagon nau'i ɗaya, sai ga wani nau'in ya taso a 2015. Yaro ya kwanta, Allah ya tashi kafaɗunsa, gida na murna, amma jin ya tafi. Ga ƙyanda, ga ciwon kunnen da aka bari ya daɗe.

A nan ina so ku ba ni hankalinku, don nan ne zuciyata take. Kurame ba ɗaya suke ba. Wanda ya kurumce yana da shekara 7 yana da Hausa a cikin kansa. Shi aikinka ka hana maganar ta zube: ka sa shi ya ci gaba da magana, ka gaggauta masa karatu. Amma wanda aka haifa kurma, ko ya kurumce tun yana goye, za a kawo maka shi yana da shekara 8 ko 9, ba shi da harshe ko ɗaya sai ƴan alamun gida: ci, sha, zo, tafi. Bai san yana da suna ba. Ku tsaya ku yi tunani, ƙannena, bai san yana da suna ba! Kusan 9 cikin 10 na yaran kurame iyayensu masu ji ne, ba wanda ya taɓa ba su tatsuniya, ba wanda ya gaya musu dalilin da ya sa inna ke kuka ran da kaka ta rasu. Abin da yaron nan ya rasa ya fi ji, harshe ya rasa. Kuma shekarun farko su ne na kama harshe, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ka fara masa da ƙidaya da haruffan Faransanci kafin ka ba shi harshe, zai kwafi tabulo tsaf, rubutu mai kyau, bai san ko kalma ɗaya a ciki ba. Na ga irin kayen nan da yawa. Ansifekta ya duba ya ce madalla.

Wani zai ce ai sai ya karanci leɓe. To ku dube ni, ba zan fitar da murya ba. [shiru] Me na ce? Wannan ya ce "mata", wancan ya ce "bata". "Ɓata" na ce. [dariya] Ku da kuka tashi da Hausa ke nan. Ina ga wanda bai taɓa jin ta ba, kuma da Faransanci ake masa darasin?

Saboda haka maganar hannu. Harshe ce cikakkiya, tana da nahawunta, fuska da gira da kafaɗa duk suna aiki a ciki. Ana faɗa da ita, ana tsegumi da ita, ana neman aure da ita. A 1880 aka yi wani taro a Milan, ƙasar Italiya, malamai masu ji suka yanke cewa a daina koyar da kurame da hannu, sai da baki. Shekaru da dama kurame suna ɗanɗana kuɗarsu. A nan Afirka ta Yamma kuwa, wani baƙar fatar Amurka, Andrew Foster, shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, ya zo Ibadan a 1960, ya horar da malamai daga ƙasashe masu Faransanci. Shi ya sa alamun makarantunmu suke da asali da na Amurka. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kafin wannan, a kasuwa, a tasha, a majalisarsu. Ku je ku zauna da su. Malamin da bai taɓa zama majalisar manyan kurame ba, hannunsa ba zai taɓa yin laushi ba. Za su yi maka dariya, su gyara maka, su raɗa maka suna da alama, galibi da abin da ya fi fitowa a jikinka. Mai sanƙo ya shirya. [dariya]

A aji kuma: kada ka yi magana kana fuskantar tabulo. Haske ya faɗo kan fuskarka, kada ka tsaya taga na bayanka. Teburi a jera su kamar rabin da'ira, kowa na ganin hannun kowa. Ihu ba ya ƙara komai sai ɓata siffar baki. In yaro na da na'urar ji, kowace safiya ka duba pil, ka share ƙura.

Ina muke? Na biyu ko na uku? To, makafi, da sauri. Louis Braille, Bafaranshe, ya ji ciwo a ido yana ɗan shekara 3 a shagon ubansa, ya makance, ya fitar da rubutunsa a 1829: ɗigo 6, suna ba da siffa 63. Da allo da tsinke ake huda takarda daga dama zuwa hagu, a juya a karanta daga hagu. A Yamai akwai makarantar Soly Abdourahmane ta makafi. Aikinka ka mayar da darasi zuwa ɗigo kafin ranar, ka mayar da amsar yaro zuwa rubutun tawada don malamin aji ya gyara, ka koya masa hanyar makewayi da sanda. Duk abin da aka rubuta a tabulo a faɗe shi da baki. Wanda ke ganin wannan ɓata lokaci ne ya koma ya karanta dalilin saukar Suratu Abasa, da Abdullahi ɗan Ummu Maktum da ya zo neman ilimi.

Malamin aji kuwa, kada ka yarda ya ce "ga yaronka". Yaronsa ne, kai mataimaki ne. Tun taron ilimi na Salamanca, ƙasar Sifen, na 1994 aka nufi wannan hanya ta haɗa yara masu buƙata ta musamman da sauran yara a aji ɗaya, kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Iyaye, kada ku je musu da faɗa. Uban da ke tura ɗansa bara yana lissafin tuwon dare ne. Ka je gida, ka gaisa, ka nuna masa yaron ya rubuta sunansa. Bayanai kuma: ina yaron yake yau, me muke so ya iya nan da wata 3, a rubuce. To, an ɗaga hannu. Bismillah, Malama.

Tambaya: Malam, a ajin da nake koyon aiki wata yarinya ta faɗi da farfaɗiya. Yara suka watse, wasu iyaye suka ce a cire ta kada ta shafa wa ɗiyansu. Me zan yi?

Allah ya yi miki albarka, ƙanwata, wannan ya fi abin da na rubuto. Farfaɗiya ba a ɗaukarta. Ba ta miyau, ba ta taɓawa, ba ta cin abinci kwano ɗaya. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 7 cikin 10 na masu ita za su iya daina faɗuwa in suna shan magani yadda ya kamata. In ta faɗi, ki janye teburi, ki sa mayafi ƙarƙashin kanta, kada ki danne ta, kada a cusa mata cokali ko ruwa a baki. In jijjigar ta lafa ki juya ta gefe ɗaya. Ki duba agogo: in ta wuce minti 5, a ɗauke ta zuwa likita. Ki rufa mata asiri in ta yi fitsari, don kunyar nan ce ke hana su dawowa lakkwal. Ranar da ta dawo, ki ci abinci tare da ita gaban yara. Iyayen kuma ki roƙi dirakta ya tara su, a gayyato ma'aikacin lafiya da limamin unguwa. Uwar yarinyar ki gaya mata a kula da ita wajen murhu da bakin rijiya, kuma kada a yanke maganin don an ga sauƙi. Ki riƙa tambayarta duk ƙarshen wata ko ƙwayoyin sun kusa ƙarewa.