Kalmar "charge": daga cajin waya zuwa caji ofis

Jama'a, assalamu alaikum. Kalmarmu ta yau ita ce "charge". Hausa ta daɗe da aro ta, muna cewa cajin waya, muna cewa caji ofis. To me ya haɗa waya da ofishin 'yan sanda?

Tushenta kalmar Latin ce, "carricare", wato loda wa amalanke kaya. Ta Faransanci ta biyo ta shiga Ingilishi, kuma dangin "car" da "cargo" ce. Ku riƙe wannan da kyau, yawancin inda ta fito akwai abin da ake ɗora wa wani.

A waya, wuta ake ɗura wa batir: "charge the phone". Wannan ba ya ba kowa wahala.

Wurin mai gyara kuwa kuɗi ake ɗora maka. "He charged me 2,000 naira for the repair", ya caje ni naira 2,000 kuɗin gyara. Ku lura da "for", ita ke zuwa kafin abin da aka biya dominsa. In an ce "free of charge", ko sisi ba za ka ba da ba.

A kotu laifi ake ɗorawa, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Da "with" ake faɗa: "He was charged with theft", an tuhume shi da sata. Wannan "charge" ɗin ne ke cikin caji ofis. Ka sa "for" a gurbinta, sai zancen ya koma kamar kuɗin satar aka ce ya biya. Tuhuma kuma ba hukunci ba ce. Sai alƙali ya same shi da laifi ake cewa "convicted", kuma wajibi ne mai fassara labarai ya bambance su, domin mutuncin mutum ne a tsakani.

Saura ɗawainiya. "The nurse is in charge of the baby", nas ce ke kula da jariri. Ƙara "the" guda ɗaya kafin "charge", magana ta juye: "The baby is in the charge of the nurse", jariri yana hannun nas. In mai kulawa ne a farkon jimla, ba a sa "the" kafin "charge", sai in wanda ake kulawa da shi ne a farko.

In an sauke kayan, shi ne "discharge". Da ita likita ke sallamar majinyaci daga asibiti, da ita kuma ake cewa cajin batir ya ƙare.