Thurmond: Garin da Layin Dogo Ne Babban Titinsa

 Ƙofofin gine-ginen garin Thurmond, a jihar West Virginia ta Amurka, duk layin dogo suke kallo, domin garin ya yi shekara da shekaru ba shi da hanyar mota ko ɗaya. Mai shiga da mai fita, duk jirgin ƙasa suke hawa.

A 1873 ne kamfanin Chesapeake and Ohio ya kammala shimfiɗa dogo ta cikin kwazazzabon kogin New River. A shekarar ce kuma aka biya wani mai safiyo, Kyaftin William Thurmond, ladan aikinsa da fili eka 73 a bakin kogin. Fili ne matsattse tsakanin dutse da ruwa, wanda manomi ba zai ko waiwaye shi ba. Amma duwatsun da ke kewaye cike suke da kwal.

To ga inda arzikin yake. Kan jirgi mai aiki da tururi ba ya doguwar tafiya sai ya tsaya ya sha ruwa, a loda masa kwal, makanikai su duba shi. Thurmond ta zama wurin wannan tsayawa, kuma nan ake haɗa taragun da suka fito daga mahaƙan yankin. Inda jirgi ya tsaya kuwa, mutane kan taru. Aka buɗe bankuna biyu da otal-otal da shaguna. A lokacin da garin ke tashe, jiragen fasinja 15 ke ratsa shi kullum. Kyaftin ya hana sayar da giya a filinsa, sai masu sha suka koma otal ɗin Dunglen da ke tsallaken kogi.

Faɗuwar ta zo bi da bi. Dunglen ya ƙone a 1930, ɗaya daga cikin bankunan ya rufe a 1931, motoci suka ɗebe fasinjoji. Abin da ya karya garin, a ganina, shi ne injin dizal: ba ya buƙatar ruwa ko kwal, don haka ba shi da dalilin tsayawa. Aiki ya ƙare, ma'aikata suka kwashe iyalansu.

Tashar da aka gina a 1904 tana nan, hukumar kula da gandun shaƙatawa ta Amurka ta gyara ta don baƙi, kuma jirgin fasinja na kamfanin Amtrak yana tsayawa idan akwai fasinja. A ƙidayar 2020, mutum 5 aka samu a Thurmond.