Fodkas ɗinmu na kimiyya: yadda ake kamo kemokayin a jinin ɓera

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, yau lab zamu shiga. Dakta dan Allah fara mana daga tushe, meye kemokayin ɗinnan?

Dakta: Toh ƙananan furotin ne da jiki ke saki a inda aka ji ciwo ko cuta ta shiga, aikinsu kamar na mai shela, su kira fararen ƙwayoyin jini su taho wajen, shine sai kaga wuri ya kumbura ya yi zafi. Misali kemokayin ɗin da ake kira CCL2 monosayit yake jawowa, CXCL1 kuma nutrofil, duka biyun nau'o'in fararen ƙwayoyin jini ne. Ido baya ganinsu, sai an sa antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ke manne wa abu takamaimai, ya kamo su.

Ɗaliba: Ni ELISA nake yi da su, gwajin da ke auna yawansu a samfur. Faranti ne mai ramuka 96, ka shimfiɗa antibodi na farko a ƙasa ka zuba ruwan jinin ɓeran ka wanke ka ƙara na biyu mai ɗauke da enzayim, kana ɗiga TMB, sinadarin da enzayim ɗin ke canza wa launi, sai ramukan su fara yin shuɗi a gaban idonka, wallahi har yau ranar da na fara gani tana raina, ka sa asid ya koma rawaya na'ura ta karanta ƙarfin launin da haske mai tsawon zango nanomita 450.

Mai gabatarwa: Shi antibodin a jikin ɓera ake samo shi?

Dakta: A'a, ɓera ba zai yaƙi furotin ɗin jikinsa da kyau ba, sai a yi wa zomo ko akuya allurar. Akwai kuma monokulonal, wato antibodi iri ɗaya tak daga tsatson ƙwaya ɗaya, dabarar da Köhler da Milstein suka fito da ita a Kambirij a 1975, ta kai su ga kyautar Nobel a 1984.

Ɗaliba: Dakta abinda ya ƙona min rai shekarar farko, na nemi kemokayin IL-8 a ɓera da kit, wato kayan gwaji, na mutane, farantin ya ƙi yin launi, samfur ya tafi kuɗi sun tafi.

Dakta: Ai ɓera bashi da IL-8 sam, CXCL1 da CXCL2 ne ke riƙe masa aikin. Shiyasa nake nanata muku, ko kwali ya ce na ɓera ne a gwada shi a kan ɓeran da aka cire wa ƙwayar gadon (gene) da ke yin wannan furotin ɗin, in launi ya fito a can toh wani abu daban yake kamawa.

Mai gabatarwa: In babu irin wannan ɓeran fa?

Dakta: Sai ki nemo antibodi na biyu daga wani kamfani, ƙanwata, ki gwada samfur ɗaya da su duka ki gani ko bakinsu zai zo ɗaya.