Nas mai binciken ciwon daji: aikin da Arewacin Kamaru ke jira

Assalamu alaikum jama'ar Garwa, Marwa, Ngaundere da Kusuri, da 'yan uwa na tsallaken kogi a Njamena.

Idan yaro ko yarinya suka ce za su karanci aikin jinya, abin da iyaye ke hangowa bai wuce farar riga da allura da ƙarin ruwa da kwanan asibiti ba. Duk suna nan. Amma akwai nas ɗin da ke koyarwa a jami'a, take gudanar da bincike, take rubuta abin da ta gano har a sauya yadda ake kula da marasa lafiya saboda shi. A kan wannan aikin za mu yi magana yau, musamman a fannin ciwon daji da cututtukan da ake zama da su shekara da shekaru.

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 an samu sababbin masu wannan ciwo kusan 20,000 a Kamaru, fiye da 12,000 kuma suka rasu. Sankarar mama ce kan gaba, sankarar bakin mahaifa na biye da ita a tsakanin mata. Sai dai ku lura, ƙiyasi ne. Matar da ta rasu a wani ƙauye bayan Mora ba tare da an taɓa ɗiban naman ƙullutunta an gwada ba, ba ta cikin littafin kowa.

To mu bi wadda ta kai asibiti. A ce daga Mokolo take. Ta ji ƙullutu a mamanta, bai yi mata zafi ba, ta yi shiru. An yi shafe-shafe, an sha saƙe-saƙi, sai da fata ta fara canzawa aka kai ta Marwa. Idan aka tura ta kudu, mota ce har Ngaundere, sannan jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, tafiyar sama da kilomita 600 a kan dogo kawai. Maganin da ake ɗura wa masu sankarar mama ta jijiya yawanci zagaye-zagaye ne, duk bayan mako uku, sau shida ko takwas. Likita ya rubuta tsarin daidai. Tambayar ita ce, mata nawa ne ke dawowa zagaye na uku? Waɗanda ba su dawo ba, me ya hana su?

Nas ta san amsar, don ita ce ke zaune da matar awa uku ruwan magani na ɗiga. Ita aka gaya wa cewa damina ta faɗi, ba mai barin gona. Ita ta ji cewa an sayar da saniyar ƙarshe. Ita ta ga matar ta ja mayafi ta rufe kanta saboda gashi ya zube, kishiya kuma ta fara magana. Wata amai ne ya galabaitar da ita a gida, ba wanda ya gaya mata akwai maganinsa, sai dangi suka yanke cewa maganin asibiti ne ke kashe ta. Duk wannan ilimi ne, amma muddin yana bakin nas a ɗakin hutu, hira ce. Ranar da aka tsara tambayoyi, aka bi mata ɗari ko ɗari biyu, aka ƙidaya, aka wallafa, ya zama hujjar da za a ajiye a gaban ma'aikatar lafiya.

Yadda ake yi ba wani sihiri ba ne, haƙuri yake ci. Za ki taƙaita tambayarki har ta zama guda ɗaya da za a iya amsawa. Ki rubuta tsarin binciken, ki kai wa kwamitin da ke duba haƙƙin mutanen da za a yi bincike a kansu. Akwai na ƙasa a Yawunde. Ba a taɓa majinyaci ko ɗaya sai kwamitin ya amince. Ki zauna da kowace mace ki bayyana mata da Hausa ko Fillanci ko Larabcin Shuwa cewa tana da ikon ƙi, kuma ƙin ba zai taɓa maganinta ba. Ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. A nan ne ɗan Arewa ya fi baƙo nisa ba kusa ba. Matar da za ta ce wa likita "da sauƙi" alhali ba ta runtsa ba kwana uku, 'yar uwarta da ta san kunyar gidan ce kaɗai za ta gane akwai sauran magana.

Kada wani ya ɗauka wannan mafarki ne. A Amurka, wata nas mai suna Ruth McCorkle ta fitar da ma'aunin wahalar da masu ciwon daji ke sha tun 1978, abubuwa irin su tashin zuciya, rashin barci, gajiya da zafi, majinyaci da kansa yake ba kowanne maki. Daga baya ta zama farfesa a Jami'ar Yale, bincikenta kuma ya nuna cewa tsofaffin da aka yi wa tiyatar ciwon daji, aka bi su gida da kulawar ƙwararrun nas-nas, sun fi daɗewa a raye.

Mu dawo gida. Akwai wata sankarar yara da ke kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, tana da alaƙa da yankunan zazzaɓin cizon sauro. Tana saurin girma, amma tana jin magani idan an zo da wuri. Wani nas ɗan Kamaru, Glenn Mbah Afungchwi, da abokan aikinsa sun tambayi iyayen irin waɗannan yara, suka wallafa a 2017 cewa fiye da rabinsu sun je wurin masu maganin gargajiya. A yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma aka yi wannan aiki. Irinsa a tsakaninmu, inda wanzami da mai magani da malamin unguwa ke ganin ciwo kafin kowa, zai faɗa mana da wa ya kamata a zauna a yi magana. Ni dai a ganina zagin masu maganin gargajiya a rediyo bai taɓa kawo yaro ɗaya asibiti da wuri ba.

Haka maganar bakin mahaifa. Tun 2007 asibitocin Baptis na Kamaru ke gudanar da gwajin mata wanda nas-nas ke jagoranta: a shafa ruwan khal mai sauƙi, a jira minti ɗaya, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari. A 2020 ƙasar ta shigar da rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, ga 'yan mata masu shekara 9, a shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi, a gwada kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na masu ciwon magani. Kun san jita-jitar da ta biyo bayan allurar nan. Wane ne uwa ke yarda da shi, ungozoma ko malamar Islamiyya ko mai unguwa? Wannan kaɗai ya isa kundin digiri.

Sai raɗaɗi, wanda ba a cika son maganarsa ba. Mutane da yawa na zuwa ne lokacin da warkewa ta wuce, abin da ya rage a sauƙaƙa musu. A 2004 Yuganda ta ba nas-nas da aka horar musamman izinin rubuta mofin, maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, saboda likitoci ba su kai ƙauyuka ba. Ba a yi wannan dokar da ka ba, shekaru aka yi ana tara shaida.

Ciwon daji ba shi kaɗai ba ne. Hawan jini, ciwon suga, sikila, da ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a Arewa Mai Nisa, wanda idan ya haɗu da gubar da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna yake kai mutum ga sankarar hanta. Mai irin wannan ciwo yana ganin ma'aikacin lafiya 'yan mintuna a wata, sauran rayuwarsa a gida yake yinta. Ɗauki mai ciwon suga da ke yin allurar insulin a Marwa cikin watan Afrilu, zafi ya haura maki 40, wuta na zuwa tana tafiya. Wasu na naɗe kwalbar a leda su ajiye a jiƙaƙƙen yashi gindin randa. Wani bincike da aka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Kenya, ya nuna insulin na riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin maki 25 da 37. To namu da ya wuce haka fa? Ma'aunin zafi da littafi da nas mai naci, shi ke nan kayan aikin. Ga kuma azumi: yaya dattijo mai suga ke sauya lokacin maganinsa tsakanin sahur da buɗa-baki, wa yake tambaya?

Hanyar zama irin wannan nas kuwa a bayyane take. Bayan bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a zauna konkur, jarrabawar neman gurbi ta ma'aikatar lafiya, a yi shekara uku a fito nas mai difloma ta gwamnati, ko a bi ta jami'a a yi lisans, wato digirin farko. Jami'ar Buya na da digirin aikin jinya, haka makarantar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Katolika a Yawunde. A Arewa muna da Jami'ar Ngaundere tun 1993, ta Marwa tun 2008, ta Garwa tun 2022, ga tsangayar likitanci a Garwa. Daga lisans sai masta shekara biyu, sai doktora aƙalla shekara uku. Wanda ya shiga koyarwa zai fara daga mataimakin malami ya riƙa hawa har farfesa, kuma abin da ake dubawa a kowane hawa shi ne me ka wallafa, ɗalibai nawa ka yaye.

Shawarata, kada ki tsallake gadon majinyaci. Shekara biyu ko uku a ɗakin marasa lafiya kafin masta ba ɓata lokaci ba ne, can tambayoyin suke.

Wahalarsa ma a faɗe ta. Kuɗin bincike daga waje sun fi karkata ga maleriya da ƙanjamau da tarin fuka. Karatu yawanci da Faransanci ake yi, manyan mujallu kuwa da Ingilishi suke, dole a ƙware a biyun. Magungunan ciwon daji guba ne ga mai haɗa su, sai da safar hannu da rigar kariya, mai juna biyu kuma a nisanta ta da su. Sannan za ki saba da mutane, ki san sunayen 'ya'yansu, wasunsu ki je ta'aziyyarsu. Ga 'yar da za ta yi aure a tsakiyar karatu, gara a yi maganar tafiya Yawunde ta shekara biyu da miji da surukai tun kafin a sa rana.

Wanda yake aiki a asibiti yanzu kuma yana son farawa, ya nemi izinin shugaban sashensa ya duba rajistar shekarar da ta wuce: mutum nawa aka tura gaba saboda zargin ciwon daji, nawa aka sake jin labarinsu. Ba tare da sunan kowa ba, lambobi kawai. Da wannan takarda ɗaya za a je wa malamin jami'a a nemi ya duba aikin masta.